Baba, Na Manta Ban Ɗaga Wutsiya Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina, wanda damina uku ke nan ba mu ji gyaran muryarsa a zaure ba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, da roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima, ina da labarin da zan ba ka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma abin ya cika mini ciki, kuma duk wanda na fara ba wa sai ya kama dariya tun ban kai tsakiya ba. Kai kaɗai ne za ka saurara har ƙarshe. Masu karantawa su yi haƙuri da rubutuna. A aji huɗu na tsaya, sauran karatun a kara, kasuwar dabbobi, na yi shi, a bayanka, lokacin da kake dillancin jakuna.

Baba, Yaya Hajara ta haihu. Namiji ne, bayan 'yan matan nan biyu da ka sani. Ranar Alhamis mijinta ya bugo waya, ya ce tun kana da rai ya yi niyya, in Allah ya ba shi ɗa namiji sunanka zai sa masa. Na gaya wa Inna. Ta jingine tsintsiya, ta shiga ɗaki, ta buɗe akwati ta fito da zanen nan mai ruwan ganye wanda tun rasuwarka ba ta ɗaura ba. Sannan ta ce, “Za ni.”

Ka san gwiwoyinta, to yanzu sun fi da. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta dafa bango. Ka kuma san hanyar garin su Yaya, can bayan rafi ta wajen Bagwai. Marka ake yi, ruwa ya yanke hanyar mota, 'yan acaɓa kuwa tun da mai ya yi tsada ba sa shiga inda laka za ta riƙe su. Da a zamaninka ne, sai a ɗaura wa jaki akumari, a shimfiɗa bargo, a kama hanya. To jakunan ma babu, Baba. Masu sayen fata sun kwashe su. In ka je kara yanzu, inda kake tsayawa mai sayar da bokitan roba ne a wurin. Kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da suna, ni kuma na ga yadda Inna ta ninke zanen nan ta ɗora a kan filo. Ban ga idon da zan dube ta in ce ba hali ba.

Ka tuna Malam Haruna, tsohon malamin gona? Ka tuna babur ɗinsa mai dogayen ƙafafu, mai taya ƙuraje-ƙuraje, wanda yake ratsa kunyoyi da shi kamar ba gona ba? Shekara da shekaru yana jingine a ɗakin da yake ajiye buhuna. Bana ni na yi masa noma, don ƙafa ta hana shi, kunne ma ya yi nauyi. Tun lokacin ya ce in ina so in ɗauka, ya gaji da tsallake shi. Ban ɗauka ba, don ban ga abin da zan zuba masa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na je na ce, “Malam, na zo ɗaukar babur.” Ya ce, “Barkono? Ai bai nuna ba.” Sai da na nuna masa da hannu.

Ni da Sale abokina muka turo shi har gida. Ja ne a da, amma rana da ƙura sun mayar da shi kalar auran jakinka na ƙarshe. Muna isa Sale ya ce bari ya ruga bakin titi ya sayo kwalbar mai, a zuba a buga a ji muryarsa. Na ce a'a. Ya ce me ake jira? Ni ma ban shirya amsar ba, sai na ji maganarka ta fito daga bakina: ranar da ka sayi dabba ba ranar hawa ba ce, ranar kallo ce. Sale ya riƙe haɓa ya ce, “La ilaha, an mayar da mashin jaki! To Allah ya ba da sa'a, likitan jakuna.” Sunan ya bi ni har yau.

Na kafe shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, daidai inda turkenka yake, na ɗora cikinsa a kan kututture don ƙafafun su tashi daga ƙasa. Na zauna ina kallonsa har la'asar ta yi sanyi. Ni ba bakanike ba ne. Na iya tuƙi, na iya canza fulogi, shi ke nan. Amma na tuna yadda kake zagaya jaki kafin ka taya, hannunka ɗaya a baya, ba ka ko kallon mai shi. Sai na ce to bari in bi sawunka, gaɓa gaɓa.

Kai da baki kake farawa. Ka murɗa leɓe ka duba haƙori, ka faɗi shekarun dabba mai ita yana tsaye yana rantsuwar ƙarya. Shi ma babur yana da haƙora, waɗanda sarƙa take hawa, babba a baya ƙarami a gaba. Ranar Asabar na kwance sarƙar na jiƙa ta a kananzir, na goge haƙoran da tsohon buroshi. Na baya da sauransu, kansu a faɗaɗe. Na gaba kuwa sun siranta sun lanƙwashe kamar ƙayar sarƙaƙiya. Na ce wannan ya gama cin abincinsa. Na cire na sa a leda.

Daga baki sai hanci. Kakan rufe hancin jaki da tafin hannu ka saki, ka ji yadda yake jan iska. Na buɗe akwatin da babur yake shaƙar iska ta ciki, a ƙarƙashin wurin zama. Baba, gidan ɓera na tarar, har da ɗakin ajiya. Ɓawon gyaɗa ya kai cikin tafi biyu, ga tsumma, ga dawa. Soson da yake tace ƙura kuwa ina taɓa shi ya zama gari. Da Sale ya sami yadda yake so, da duk wannan inji ya haɗiye. Na kira shi na nuna masa. Ya ce, “To ai ɓeran ma ya san mashin ɗin ba inda za shi.”

Sai kofato. Na juya tayoyin a hankali ina duba tsaga, na zare ƙaya biyu da wani ɗan ƙusa. Na kama wili da hannu biyu na girgiza hagu da dama, na gaba shiru, na baya yana ɗan motsi, alamar boris ɗin da wilin yake juyawa a kai ya ci. Wayoyin wilin kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da sifana. Mai lafiya tana cewa tin, wadda ta saki tana cewa tab. Na ɗaure masu tab har suka koma tin. Inna tana jina daga cikin gida, ta ce, “Habu, kiɗan me kake yi ne?” Na ce kofato nake dubawa. Na ji ta yi 'yar dariya. Rabon da in ji wannan dariyar na manta.

Kakan tsuguna ka farfasa kashin jaki da kara, mutane suna toshe hanci, ka ce abin da ke ciki ba ya ɓuya a nan. Na kwance ƙusar ƙasa na tsiyaye tsohon baƙin mai a kwano, na murza tsakanin yatsu a cikin rana. Ya yi kauri ya yi baƙi, amma ban ji garin ƙarfe ba, ban ga ya yi fari kamar ruwa ya shiga ba. A nan hankalina ya fara kwanciya. Tanki kuwa tsohon fetur ya bushe a ciki ya bar wani wari kamar na fenti. Na cire shi na zuba kananzir da 'yan notuna na yi ta girgizawa har hannuna ya mutu, tsatsa tana fita ja. Kafireta ma, inda mai yake haɗuwa da iska, na warware ta a kan farantin Inna don kada ƙaramin abu ya faɗi a ƙasa. Na jera kayan cikinta yadda na ciro su, na hure ƙananan ramukan da baki har na ga haske ta ciki.

A nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. A gefe, bayan wani murfi, akwai wani ɗan tanki na biyu, busasshe ƙarau, da siririn tiyo da ya tsage. Duk baburan garinmu ba mai irinsa. Sale ya ce na ruwan birki ne, wani ya ce na ado ne. Ban yarda ba, don wanda ya ƙera abu ba ya huda rami a banza. Na koma wajen Malam Haruna da tiyon a hannu. Yana gani ya dafe kai ya ce, “Ashe ban gaya maka ba! Yaro, wannan mai ciki biyu ne. Fetur daban, mansa daban, a ciki suke haɗuwa. In ka ba shi fetur tsura, kafin ka kai bakin kwalta ya ƙone.” Na tsaya ina tuna kwalbar man da Sale ya so sayowa, gabana yana faɗuwa a kan abin da bai ma faru ba.

Saura gadon baya. Kullum kana cewa in mai jaki ya kawo shi da sabon akumari a ɗaure, to sai an kwance, don a ƙarƙashi gyambo yake kwana. Na bi wayar birkin gaba da yatsa tun daga hannu. Daga waje lafiya lau. Amma kusa da hannun akwai wani baƙin roba da aka naɗe da kyau, kyan da ya yi yawa. Na warware. Siraran wayoyin da aka tufka duk sun tsinke, saura biyu. Biyu, Baba. Na daɗe ina kallonsu, ina ganin gangaren rafi, ina ganin Inna a bayana.

Ranar kasuwa na hau mota zuwa Tsanyawa da ledata. Na samo wayar birki, da haƙorin gaba, da boris, da fulogi, da tiyo, da man cikin nan na biyu, da soso. Na sa mai walda ya yi mini matakin ƙafa na baya, don na asali ɗaya ya ɓata. Kajina ne suka tafi a wannan hidima, har da zakaran nan mai faɗa, kuma wallahi unguwa ba ta yi kewarsa ba.

Ranar Talata da hantsi na gama ɗaure komai. Na shafa giris inda ake shafawa, na ja sarƙa na bar mata ɗan sassauci, na zuba mai a duka cikin biyu. Labari ya zaga, mutane suka taru a gindin darbejiya. Sale ya zo da farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, wai yau ranar buɗe asibitin jakuna ce. Na yi bisimilla na buga.

Shiru.

Na sake bugawa. Ya yi wani ɗan tari, ya mutu. Na cire fulogi na jingina a jikin inji na buga, ga wuta shuɗiya tana tsalle. Na duba mai, yana sauka. Na yi ta bugawa har gumi ya jiƙa mini riga. Kwana huɗu ina aiki, saura kwana biyu suna. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, masu tausayi suna cewa sai haƙuri. Sale ma ya daina tsokana, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ya ce a hankali, “Habu, ko in nemo amalanken shanu?” Ni da shi duk mun san amalanke ba zai haye rafin nan ba.

Na zauna a kan kututture na sake lissafa gaɓoɓin a zuci. Baki, hanci, kofato, ciki, baya. Ban ga abin da na tsallake ba. Ina cikin haka sai na ji muryar Inna daga bayan zana. Ashe tun ɗazu ta jawo kujerarta tana leƙe ta tsakanin karan.

Ta ce, “Habu, ka ɗaga wutsiya kuwa?”

Baba, ka san ni da wannan. Shi ne na ƙarshe a dubanka, kuma shi ne wanda nake jin kunya. In ka zo ɗaga wutsiyar jaki a tsakiyar kara, sai in juya kai in yi kamar ina kallon tumaki, don kada abokaina su ce ga ɗan mai leƙa gindin jaki. Shekara nawa ina bin ka, wannan kaɗai na ƙi kalla. To ga shi ya jira ni.

Na zagaya bayan babur na durƙusa na leƙa bakin salansa. A toshe yake ƙam da jar ƙasa, an shafe shi sumul kamar aikin magini. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, ba ɗaki ɗaya ba, unguwa guda. Dabba tana shaƙa ba ta fitarwa, ina za ta tashi? Na kwance salansar na zura waya na yi ta sakata, na buga ta a jikin kututture, ƙasa da busassun tsutsotsi suna zuba. Na mayar na ɗaure.

Sale ya koma baya ya sunkuya, wai zai ga ko da saura. Na ce ya matsa, ya ce, “Buga kawai, likita.” Na buga sau ɗaya.

Wata ƙara ta tashi, siririya mai kaifi, ta tsaga unguwa. Kaji suka watse, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, ragowar ginin zanzaro da baƙin tsohon mai suka fita gaba ɗaya suka sauka a gaban farar rigar Sale. Ya miƙe yana tari yana duba kansa, ya ce, “Allah ya isa tsakanina da jakin nan, tusa ya yi mini!” Waɗanda suka tafi suka dawo da gudu. Daga bayan zana kuwa, Baba, guɗa na ji. Inna ce. Muryar ta tsufa, ta karye a tsakiya, amma ta kai ta har ƙarshe.

Duk da haka ban ɗauke ta ba sai da na yi abin da kake yi. Sabon jaki yashi kake fara ɗora masa kafin kayan mutane. Ranar Laraba na cika buhu da yashi daidai nauyin Inna, na ɗaure a baya, na bi burtali har bakin rafi na haye na dawo. Na koyi inda yake son giya ta ɗaya, da yadda yake zabura in an murɗa da gaggawa. Da na dawo na sake bin kowane noti da sifana. Inna ta ga buhun ta ce, “Wannan ni ce? Ka rage, ban kai haka ba.”

Ranar Alhamis gari yana wayewa ta fito da zanen mai ruwan ganye, da ƙullin daddawa da kuka na mai jego. Babur ɗin ya yi mata tsawo, sai Sale ya kawo turmi ya kifa, ta taka, muka tallafa ta zauna a kan filon da na ɗaure. Kafin in tayar ta ce, “Ubanka bai taɓa ɗora ni a kan dabbar da bai duba ba.” Na ce na duba, Inna. Ta ce, “Na gani.”

Mun bi ta tsakanin gonaki, gero ya fi mu tsawo hagu da dama, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Da farko ta riƙe rigata kamar za ta yage. Can sai hannun ya sassauta, ta fara nuna mini gonaki tana faɗar masu su, har da waɗanda suka rasu tun ban san kaina ba. Damina uku ba ta ga bayan gari ba.

An yi ruwa bayan na dawo gwaji, ban san ya yi ɓarna ba. Muna gangarawa rafi sai na ga gefen da na bi jiya babu shi, ruwa ya zaftare, rami ne ya kai tsayin mutum. Na damƙe birkin gaba na taka na baya. Babur ya tsaya cak, tayar gaba saura taku ɗaya. Na kalli sabuwar wayar nan, na tuna guda biyun da na warware. Inna kuwa ba ta ma san an yi ba. Tana tsakiyar ba ni labarin ranar da ka kai ta wannan garin a kan aura, jakin ya ƙi shiga ruwa, ka naɗe wando ka ja shi kana roƙonsa kamar surukinka. Ta ce, “Me ya sa ka tsaya?” Na ce ina sauraron labari ne. Na karkata ta sama inda yashi ya kwanta, muka haye, ruwa bai taɓa zanenta ba.

Mun isa liman yana gyara zama. Na tsuguna cikin maza, na ji an raɗa, na ji maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunanka a tsakar gari. Ba zan rubuta shi a nan ba, ban taɓa kiran sa da bakina ba. Abba ake ce wa yaron.

Da na shiga cikin gida gaida Yaya, na tarar ita da Inna sun gama kukansu sun koma dariya. Jaririn yana cinyar Inna. Ta buɗe zanin ta duba 'yan yatsunsa, ta murɗa leɓensa ta leƙa, ta shafa gadon bayansa. Yaya ta ce, “Inna, sayen sa za ki yi ne?” Inna ba ta kula ta ba. Ta juya shi a hankali ta leƙa ta gyara masa ƙyalle, ta ɗago ta dube ni ta ce, “Ka gani? Har wutsiya ake dubawa.” Sannan ta sunkuya ta ce masa, “Maigida, ka kwantar da hankalinka. Wanda ka bar wa turken ya iya.”

Na fita waje na tsaya kusa da babur na ɗan jima, ina yi kamar ina duba sarƙa.

Yanzu yana gindin darbejiya, Aura muke ce masa. Na yanke ɗan tsumma ina toshe masa wutsiya in zai kwana biyu ba a hau ba. Inna ta ce bayan kaka za ta gidan ƙanwarta a Gezawa, in fara shiri. Sale har yau yana neman sabulun rigarsa.

Baba, ka yafe mini kunyar da na ji a kara. Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sanya haske a cikinsa. Yadda ba ka taɓa ɗora kowa a kan abin da zai kayar da shi ba, Allah ya haye da kai siraɗi lafiya. Ya raya takwaranka a kan halinka, ya ƙara wa Inna ƙarfin gwiwa, ya kawo mana sauƙin wannan zamani. Amin.

Ni ne ɗanka,
Habu, wanda yanzu ake ce wa likitan jakuna, kuma yana amsawa.